Tsadar Mai Ba Ta Raba Mu da Bakin Ruwa Ba



Akwai wata magana da ta kama bakin matasa tun daga 2023, mu kuma mun ƙi yarda da ita. Da zarar an ce a shirya a je kallon su a Argungu, ko a leƙa Tiga a shiga kwalekwale, ko a je Wikki a yi iyo, sai wani ya yamutsa fuska ya ce, "Da wane man?" Shi ke nan, zance ya mutu, kowa ya koma kan wayarsa yana kallon bidiyon mutanen wata ƙasa suna wasa a ruwansu.

Ba mu musun tsadar mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba a gidan mai ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a garuruwa da dama. Duk wanda ke hawa babur ko adaidaita ya ji a jikinsa. Abin da muke ja da shi daban ne. Mun ce mafi yawan kuɗin da tafiyar bakin ruwa ke ci, burga ce da rashin lissafi ke cinye shi. Mun kuma ce da yawa daga cikin waɗanda suka daure suka tafi suna yin tsimin ne a wurin da zai iya kashe su.

Bari mu fara da lissafi, don kada a ce cika baki muke yi. Daga Kano zuwa Argungu, in an bi ta Gusau da Sakkwato, ya haura kilomita 600. Zuwa da dawowa, a ce 1,200. Mu ɗauka ƙaramar mota tana shan lita 10 a kowace kilomita 100. Lita 120 ke nan. To ga abokai 15 sun tashi tafiya. Yadda aka saba gani, wannan ya ce sai dai a motarsa, wancan ya ce shi ba ya iya zaman baya, wani kuma so yake a ɗauki hoton ayari a ɗora a Facebook. Sai a fita da motoci 5, kowace da mutum 3. An ƙone lita 600. In lita tana naira 1,000, an zubar da 600,000 a kwalta tun ba a ci gasasshen kifi ko ɗaya ba.

Yanzu a sa waɗannan mutum 15 a bas guda. Mu yi mata rashin adalci ma, mu ce tana shan lita 15 a kilomita 100. Lita 180. Kowane mutum ya tashi a lita 12 maimakon 40. A ƙara kuɗin shata da ladan direba, a ce ma kuɗin ya ninka, har yanzu bai kusanci na ayarin ba. Wannan lissafi ɗan firamare zai yi shi a bayan littafinsa. Me ya hana a yi? Son a san da ni. Mutum ya gwammace ya fasa tafiyar baki ɗaya da a gan shi ya sauko daga motar haya. Irin wannan, ba fetur ne ya hana shi zuwa ba, girman kai ne.

Abu na biyu shi ne ƙafar direba. Duk wanda ya taɓa zama a ajin kanikanci ya san iska tana turje wa mota, kuma in gudu ya ninka sau biyu, turjiyar tana ninkuwa sau huɗu. Yawancin ƙananan motoci sun fi tsimin mai a tafiya madaidaiciya, wajen kilomita 80 zuwa 90 a awa. Wanda ya take ta zuwa 140 don ya riga abokansa isa, kuɗinsa yake fesarwa ta salansa. Haka tayar da iskarta ta yi ƙasa, haka tulin kayan da aka ɗaure a saman mota, haka fulogi da matatar iskar da aka manta rabon da a duba su. Sannan ga al'adar barin inji a kunne da na'urar sanyi ana jiran wani ya gama cin tsire. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da gwamnati ta ɗora wa kowa. A auna iskar taya wurin mai faci kafin a tashi, a cika tanki a gidan mai na cikin gari. Wanda ya bari sai mai ya ƙare masa a daji, hannun 'yan bumburutu zai faɗa, ya saya da tsada, ƙila ma gaurayayye, ya dawo da ciwon inji.

Abu na uku ya fi ba mu haushi: raina ruwan da ke kusa. Wai sai an ce Legas ko Kalaba ake jin an yi tafiya. Bakano yana da Tiga, madatsar da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970, tazarar kusan kilomita 70 daga birni. Zuwa da dawowa a ƙaramar mota lita 14 ne bisa lissafinmu na ɗazu, in mutum 4 suka raba, kowa bai kai lita 4 ba. Ga Bagauda a kan hanyar, ga Challawa a ƙasar Ƙaraye. Mutumin Gombe yana da Dadin Kowa. Na Bauchi yana da Wikki a dajin Yankari, ruwa garau mai ɗumi rani da damina. Na Maraɗi yana da tafkin Madarumfa a bayan gida. Na Yawuri kuwa Kwara ce a ƙofar ɗakinsa, ga bikin Rigata. Na Taraba ga bikin su na Nwonyo a Ibi. Man da ya fi kowane araha shi ne wanda ba a saya ba saboda tafiyar gajeruwa ce.

In an isa bakin ruwa kuma, sai wata ɓarnar ta biyo. Kowa idonsa na kan jirgi mai inji, ko babur ɗin ruwa a wuraren da ake haya, don a yi ƙara a tada kumfa a ɗauki bidiyo. Tsofaffin injinan nan da ake gauraya musu fetur da baƙin mai zuƙa suke yi ba ƙaƙƙautawa, wani sashe ma ba ya ƙonewa, cikin ruwan yake zuba. Zagayen 'yan mintoci, kuɗin yini. Alhali wasan ruwan da muka gada ba ya shan ko ɗigo. A dubi Argungu. Tun 1934 ake wannan biki, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin aka ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan daɗaɗɗiyar gaba. Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa. A wasannin Kabanci ana tseren kwalekwale, ana gasar iyo da nutso, ana kamun agwagwa, ana kama kifi da hannu. Wannan ne UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Ba ƙarar inji ta kawo su ba. Filafili da damtse da numfashi ne. Matashin da ya ba mai kwalekwale ɗan abin hannu ya koya masa tuƙi zai koma gida da sana'a a hannunsa. Wanda ya hau mai inji zai koma da bidiyon sakan 30.

To yanzu mu zo kan mugun tsimi, wanda shi ne ya fi damunmu. Mutumin da bai ji ciwon ƙone mai a gudun banza ba, shi ne zai tsaya yana jayayya a kan kuɗin hayar rigar ruwa. Shi ne zai cusa mutum 7 a motar mutum 5. Shi ne zai cika jarkoki da fetur ya jera a but cikin zafin Maris, wai can ya fi tsada. Shi ne zai ce a taso da daddare don kada a biya kuɗin masauki. A bakin ruwa kuma, in mai jirgi ya ce sawu biyu zai yi, sai a ce a'a, a matsa a shiga gaba ɗaya, mai ya yi tsada.

Mun san inda wannan hanya take kaiwa. A Mayun 2021, jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nitse a kogin Kwara kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, kwalekwale ya kife a ruwan Watari da ke Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara 'yan Islamiyya. A Yunin 2023, mutum fiye da 100 suka mutu a yankin Pategi na jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Waɗannan bayin Allah ba wasa suka je ba, hanyarsu ke nan, ba su da wata, Allah Ya jiƙansu. A duka ukun an ambaci lodin da ya wuce ƙima. Biyu daga ciki sun faru tun kafin a cire tallafi, wato lodi tsohon hali ne, tsadar mai hujja kawai ta ƙara masa. In wanda dole ta sa ya shiga yana da uzuri, wane uzuri ne ga wanda ya je shaƙatawa da ƙafarsa? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar. Ko da ba ta faɗa ba, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kuɗin sawu na biyu da na rigar, a cikin abin da aka rage daga ayarin motoci za a fitar da su, har a sami canji.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce mutane na fama da abin sawa a baki, ku kuna zancen wasan ruwa. Mun ji. Amma a tambayi mai kwalekwalen da ke zaune a gaɓa tun safe ba wanda ya zo. A tambayi mai gasa kifi, da mai saƙa homa, da yarinya mai tallan ƙosai. Abincinsu yana cikin aljihun baƙon da ya fasa zuwa. Argungu ta ɗanɗani wannan lokacin da bikin ya tsaya kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020. Kuma iya ruwa ba wasa kaɗai ba ne a ƙasar da kowace damina ake jin labarin yaro ya nitse a kududdufi. Iya ruwa fid da kai, in ji masu iya magana. A ina za a koya in an ƙaurace wa ruwan?

Za a kuma ce hanyoyi ba tsaro. Wannan gaskiya ce, ba ma wasa da ita. Akwai madatsun da muka ƙi ambata a sama da gangan, domin yankunansu ba na yawon shaƙatawa ba ne a yanzu, kuma hanyar Gusau kanta sai an bincika kafin a ɗauke ta. Amma wannan hujja tana goyon bayanmu ne. Ita ke cewa a zaɓi na kusa, a tafi da rana, a dawo da rana, a kasance tare a mota guda da direban da ya san hanya.

Wani kuma zai ce ruwan dam yana da haɗari. Yana da shi. Yana da zurfi, yana da laka, kwantaccen ruwa kuma yana iya ɗauke da tsargiya. Shi ya sa ba a faɗa masa kai tsaye. A gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin, su nuna inda ake shiga da inda ba a kusanta. Goron da za a ba su bai kai kuɗin lita biyu ba.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Majalisun matasa da ƙungiyoyin unguwa da na tsofaffin ɗalibai su buɗe adashen tafiya tun watanni kafin lokacin biki, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu. A ɗauki shatar bas guda, kujera ɗaya mutum ɗaya. Iyalai biyu ko uku su haɗu su ɗauki tasu, mata da yara su sake. A rubuta kasafi a takarda, kuma layi na farko ya zama kuɗin rigar ruwa da na sawun jirgi yadda mai jirgin ya ƙayyade, kafin a zo kan nama da lemo. Hukumomin sufuri na jihohi kuma su ware motoci na musamman a ranakun bukukuwan ruwa, daga tasha zuwa gaɓa, a farashin da aka sanar tun da wuri. Ba sabon abu muke nema ba, ana yin irinsa lokacin sallah.

Ga wanda zai sake cewa "Da wane man?" kuwa, a miƙa masa biro da takarda. Ya rubuta nisan wurin, ya rubuta yawan masu tafiya, ya raba. In bayan ya raba har yanzu ya fi ƙarfinsa, mun ba shi gaskiya, sai a rage nisa a nemi ruwan da ya fi kusa. In kuwa ya ga kuɗin bai wuce abin da yake kashewa a data cikin wata ba, sai ya faɗa mana ainihin abin da ke hana shi tafiya.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.