Darasin Waya Ya Zama Na Kowa Da Kowa

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in yi wa 'yan'uwana ɗalibai 'yar magana a kan wani kuskure da na yi, don kada su faɗa ramin da na faɗa.

A watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda annobar korona, ina taimaka wa yaran unguwarmu a nan Suleja da karatu ta WhatsApp. Nakan rubuta darasi a allo, in ɗauki hotonsa, in aika. Ina ta murna, ina tsammani na gama aiki. Ashe cikin yaran akwai wata mai raunin gani. Wayarta tana karanta mata rubutu da murya, amma ba ta iya karanta hoton allo. Mako uku tana zaune ba ta sami komai ba, kunya ta hana ta faɗi. Da na koma aika murya kaɗai, sai wani yaro kurma ya shiga irin halin da ta fita.

To, jama'a, laifin wa? Ni dai na ce nawa ne, gama ban koyi aikin ba. Ga abin da na gane daga baya. A buga darasi da haruffa, baƙi a kan fari, manya-manya. In an sa hoto, a rubuta abin da ke cikinsa. In an aika murya, a bi ta da rubutu. Bidiyo kuwa a gajarta shi, don mahaifin da ke sayen data ta ɗari biyu ba zai iya sauke dogo ba.

Wani zai ce wannan aiki ya yi yawa. Ai Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan naira 20, gwana ce tun kafin ta zo wurin Michael Cardew a garin nan a 1954, amma ba ta ƙi koyon ginin tukunya da na'urar juyi ba. Kuma tun 2019 Najeriya ke da dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci.

Saboda haka ina roƙon malamanmu su sa wannan cikin abin da za mu koya kafin mu fita gwajin koyarwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.