Matacciyar salula ba shara ba ce

Ƴan uwa manoma, salula ta rage mana wahala. Da ita muke jin kuɗin hatsi a kasuwa, muna samun mai sayen harawa. Amma in ta mutu fa?

A ganinmu, gyara ya fi zubarwa. Mai gyara yakan cire kayan wata, ya tada wata.

Sai dai mu yi hattara da batir. Na salula yana fashewa cikin wuta. Babban batir irin na mota yana da darma, guba ce. A Dakar, tsakanin 2007 da 2008, darmar tsofaffin batura ta kashe yara 18.

Kada mu fasa batir, kada mu jefa shi cikin takin gona. Mu roƙi hukuma ta buɗe wurin tattara su.