Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallakar Fasaha Ta Najeriya

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne a kan halin da marubuta, mawaƙa, 'yan fim da 'yan jarida masu aiki da harshen Hausa suke ciki tun da kasuwar fasaha ta koma cikin waya. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a domin waɗanda abin ya shafa su ma su ji, su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Zan fara da yabo, domin akwai abin yabawa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin wadda aka kafa tun 1988, zamanin kaset da rediyo. Sabuwar dokar ta san da zaman intanet. Ta ba mai haƙƙi damar aika wa kamfanin da ke ɗauke da kayansa takardar ƙorafi domin a sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba, ta kuma ba hukumarka ikon toshe shafin da ya mayar da satar fasaha sana'a. Sai dai, ranka ya daɗe, doka tana Abuja cikin Turancin lauyoyi, masu fasahar kuma suna Kano da Kaduna da Jos da Katsina, yawancinsu ba su taɓa jin labarinta ba.

Ka san yadda aka faro. Tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, harkar fim ɗin Hausa ta rayu ne a kan kaset, daga baya faifan CD, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suna saye suna rarrabawa har Yamai da Agadas da Kumasi. A lokacin ɓarawon fasaha mutum ne mai shago da injin kwafa, ana iya zuwa da 'yan sanda a kwashe kayansa. Da wayar hannu ta yawaita, masu tura fim a waya suka karɓe kasuwar, faifai ya mutu, furodusoshi da dama suka karye. Waɗanda suka tsira sun koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, suka rungumi shiri mai dogon zango, kamar Izzar So da Labarina. Marubuta ma haka. Littafin da a da ake bugawa a kai kasuwa, yanzu a WhatsApp ake sayar da shi shafi-shafi, mai karatu ya tura 'yan ɗaruruwan naira a saka shi a rukuni. Kafin marubuciya ta kai rabin labari, wani ya fitar da shi ya watsa kyauta, wani kuma ya karanta shi da murya ya ɗora a tasharsa ta YouTube yana karɓar kuɗin talla. Duk makamin da ya rage mata shi ne ta rubuta Allah ya isa a saman kowane shafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da nake so in ja hankalinka a kai shi ne, kame da ƙona faifai ba za su magance wannan ba, domin kasuwar yanzu tana hannun kamfanoni ƙalilan ne na ƙasashen waje. Su ke da rumfar, su ke da ma'aunin, su ke yanke wa kowa rabonsa. A YouTube, sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara kafin ta fara cin kuɗin tallan dogon bidiyo, sannan ta ɗauki kashi 55 cikin ɗari, kamfanin ya riƙe sauran. Kuɗin tallan kuma ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, shi ya sa kallo dubu daga Kano bai kai darajar kallo dubu daga Landan ba. Manhajar Content ID, wadda ke gano kayan sata da kanta ta juyar da kuɗin ga mai shi, ba kowa ake ba wa ba, sai manyan kamfanoni da dillalan da suka tara kaya masu yawa. Ƙaramin furodusa sai dai ya bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya yana cike takardar ƙorafi. Wani lokaci ma wanda ya riga shi kai waƙar wurin dillali shi manhajar ke ɗauka a matsayin mai ita, mai waƙar na gaskiya ya koma mai laifi a kan kayansa.

Wasu ƙasashen sun riga mu gane cewa wannan magana ta wuce haƙƙin mallaka kaɗai, ta shiga batun gasar kasuwanci da danniyar mai ƙarfi. A 2021 Ostireliya ta yi dokar da ta matsa wa Google da Facebook su zauna da kafafen labarai a yi ciniki. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ce ta tsara ta. Facebook ya toshe labarai a ƙasar na kusan mako guda a watan Fabrairu na shekarar, daga baya aka daidaita, kuɗi suka fara shiga. A Faransa, hukumar gasa ta ci Google tarar yuro miliyan 500 a 2021 saboda rashin yin ciniki da gaskiya da masu jaridu, ta ƙara masa miliyan 250 a 2024. Kanada ta yi tata dokar a 2023, Google ya amince ya riƙa biyan dalar Kanada miliyan 100 duk shekara. Ko a gidansu Amurka, alƙali Amit Mehta ya yanke hukunci a watan Agusta na 2024 cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Amma kada mu kwafo nasarar mu bar darasin. A Kanada, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya ƙi biya, ya rufe labarai a Facebook da Instagram tun watan Agusta na 2023, ƙananan jaridu da suka dogara da shi wajen samun masu karatu suka fi kowa jin jiki. A Ostireliya manyan gidajen jarida ne suka kwashe kaso mafi tsoka, kuma a 2024 Meta ya sanar cewa ba zai sabunta yarjejeniyoyin ba. Idan aka yi irin wannan ciniki a Najeriya ba tare da lura ba, gidajen Legas uku ko huɗu za su raba kuɗin, jaridar Hausa da gidan rediyon jiha su tashi a tutar babu. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Afirka ta Kudu. Hukumar gasa ta can ta buɗe bincike a 2023, a rahotonta na farko na watan Fabrairun 2025 ta ba da shawarar Google ya riƙa biyan rand miliyan 300 zuwa 500 a shekara, ta kuma nuna yadda tsarin binciken kamfanin ke danne kafafen al'umma da na harsunan gida. Wannan ciwon namu ne sak.

Najeriya ma ba ta rasa ƙarfi ba. A watan Yulin 2024 Hukumar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren ƙararrakin gasa ta tabbatar da hukuncin a watan Afrilun 2025. Ashe ana iya kiran waɗannan kamfanoni su amsa. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba kasuwar da za a juya wa baya cikin sauƙi ba ce.

Saboda haka ga shawarwarina.

Ta farko, a fassara dokar 2022 zuwa Hausa, a taƙaice kuma a sauƙaƙe, a karanta ta a gidajen rediyo, a kai ta ga ƙungiyoyin marubuta da ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN. A fitar da samfurin takardar ƙorafi da samfurin yarjejeniya cikin Hausa. Rabin rigimar Kannywood tsakanin furodusa da mawaƙi da marubucin labari ta samo asali ne daga cinikin baka. Mutane su san cewa haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta aiki ko an naɗe shi, rajista a hukumarka kuma hujja ce da za ta taimaka ranar shari'a.

Ta biyu, ofisoshinku na Arewa su buɗe teburin ƙorafin intanet, da ma'aikacin da ke jin Hausa. Marubuciyar da ke Gusau ba za ta iya tsayawa da kamfanin da ke Kalifoniya ba, amma wasiƙa mai hatimin hukuma ana duba ta. Ku nemi kamfanonin su ba ku hanya ta musamman ta isar da ƙorafi, su kuma ɗauki masu jin Hausa da za su iya bambance mai kaya da mai sata.

Ta uku, wadda na fi ba muhimmanci: a haɗa ƙananan masu fasaha wuri guda. Hukumarka ce ke ba ƙungiyoyin karɓar kuɗin haƙƙi lasisi, irin su MCSN ta mawaƙa, AVRS ta 'yan fim da REPRONIG ta marubuta da maɗaba'u. Tambaye su, ranka ya daɗe, mutum nawa suke da su daga cikin masu aiki da Hausa, kuma nawa suka raba musu. A sa wannan cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Ƙungiyar da ta tara fina-finai da waƙoƙi dubbai za ta iya samun Content ID a madadin mambobinta, abin da mutum ɗaya ba zai samu ba. Shekarun da aka ɓata ana shari'a tsakanin MCSN da takwararta COSON sun isa darasi. Mawaƙa ne suka yi asara, lauyoyi suka ci riba. Duk ƙungiyar da ba ta buga lissafinta kowa ya gani ba, kada a bar ta ta taɓa kuɗin mutane.

Ta huɗu, ku zauna da FCCPC ku buɗe bincike irin na Afirka ta Kudu a kan kasuwar talla da rarraba labarai da bidiyo a intanet. Ku kuna da dokar haƙƙi, su suna da ikon tilasta wa kamfani ya kawo takardunsa. Idan an kai ga ciniki, kuɗin su shiga asusu guda mai ƙa'idar rabo a fili, a ware kaso ga kafafen harsunan gida.

Ta biyar, gadon magabata. A dokarku, haƙƙin rubutu da waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa suna cikin kariya har ƙarshen 2069. Abubakar Imam ya rasu a 1981, littafinsa Magana Jari Ce na da kariya har 2051. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Ayyukan waɗannan bayin Allah sun cika intanet, ana ɗora musu talla. A binciko waɗanda haƙƙin ya koma hannunsu, magada ne ko maɗaba'a ko kamfanin da ya naɗa, a yi rajista, dukiyar marayu ta daina zama ta kowa.

Ta shida, ƙirƙirarriyar basira. A watan Disamban 2023 jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft kotu kan amfani da rubuce-rubucenta wajen horar da manhajojinsu. A 2025 kamfanin Anthropic ya amince ya biya marubuta dala biliyan 1.5 domin sasanta ƙarar da aka shigar kan littattafan da aka sauke daga shafukan sata. Dokarmu ba ta ambaci wannan fasaha ƙarara ba. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta da na Turanci, don haka kowane shafi na jaridunmu da littattafanmu yana da daraja a wurin masu gina waɗannan manhajoji. Muna so na'ura ta iya Hausa, amfaninmu ne. Amma hukumarka ta fitar da matsaya tun yanzu a kan neman izini da biyan lada, kafin a gama kwashewa.

Ba zan rufe ba sai na juyo kan mutanenmu, domin adalci ba ya da ɓangare. Wanda ya ɗauki fim ɗin Indiya ya ɗora masa muryar Hausa ya sayar ba da lasisi ba, ko ya kwashe kiɗan wani ya canza baiti, ba shi da bakin kuka idan an yi masa. Mai karatun da ya tura littafin kuɗi zuwa rukuni goma ya ci haƙƙi, ko da bai karɓi sisi ba. Malamanmu su taya hukuma faɗar wannan a kan mumbari, domin Bahaushe ya fi jin tsoron haƙƙin wani a kansa fiye da tarar kotu. Haka kuma ba ina kiran a kori kamfanonin nan ba ne. YouTube ya ceto harkar fim ɗin Hausa a lokacin da faifai ya mutu, ya kai ta ga Hausawan Sudan da Saudiyya da Turai. Abin da ake nema ciniki ne na gaskiya tsakanin mai rumfa da mai kaya.

Ranka ya daɗe, doka tana hannunka, misalan wasu ƙasashe suna gabanka, matasa dubbai kuma suna cin abinci da alƙalami da kyamara da murya. Ka fara da abin da ba ya buƙatar jiran majalisa: fassarar dokar, teburin ƙorafi, da kiran ƙungiyoyin karɓar kuɗi su kawo lissafi. Ka zo Kano ka zauna da masu sana'ar ka ji daga bakinsu. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka.

Wassalam.

Naka,
Ɗaya daga cikin marubutan Hausa,
Kano.