Mayar Da Golf Mai Ja Da Ƙafa Huɗu: A Bi A Hankali

Duk direban da Golf ɗinsa ta taɓa kafewa a yashi ya san amfanin mota mai ja da ƙafa huɗu. Mayar da Golf haka yana yiwuwa, domin tun 1986 Volkswagen ta fitar da Golf Syncro mai ja da ƙafa huɗu, kuma ana iya ciro kayan wadda ta mutu. Sai dai aikin ya wuce sauya giyabos. Dole a ɗaura farfela da aksul na baya, a canza tankin mai da salansa, a yanka ƙasan bodi a yi walda. Nan tsorona yake: waldar da ta saki ana gudu rayuka take ci. Wanda bai samu cikakkun kaya da ƙwararren bakanike ba, gara ya sayar da tasa, ya sayi wadda kamfani ya ƙera haka.