Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Haɗa Rumbun Bayanai a Ƙasar Gozaki

'Ya'yana,

Na ga aikinku a shagunan taki da ofisoshin ƙungiyoyin manoma, daga Gozaki zuwa Kafur, Malumfashi da Funtua. Fom tsaf, rasit na fita nan take. Allah ya yi muku albarka.

Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ku gina rumbu da Microsoft Access, fayil ƙwaya ɗaya, ku ajiye shi inda duk kwamfutocin ofis ke gani, ku ce akawu da mai sito da mai karɓar kuɗi kowa ya buɗe. Ranar da aka ɗauke wuta mai sito na tsakiyar shigar da buhunan masara, fayil ya ƙi buɗuwa, lissafin bashin takin damina guda ya salwanta. Sai ku ce cutar kwamfuta ce. Wace cuta? Ganganci ne!

Gida biyu ake raba fayil ɗin. Teburan bayanai su zauna a kwamfuta ɗaya mai batirin ko-ta-kwana. Fom da rahoto kuwa, kowane ma'aikaci a sa masa nasa a tasa na'ura, a ƙulla da teburan. Access kansa ya zo da abin yin wannan rabon. Ku ja waya tsakanin kwamfutoci, don Wi-Fi kan yanke ana cikin rubutu. Fayil ɗin ba ya wuce gigabait 2, amma kuna ta ɗura masa hotunan manoma.

Malaman auduga da suka horar da mu ba su san kwamfuta ba, amma babban littafi ba ya yawo hannu-hannu. Kowa da ɗan littafin rasit nasa mai takardar kabon. Shi ma Edgar Codd na kamfanin IBM, da ya aza harsashin wannan fanni a 1970, tsari ya sa gaba. Yau yaro ya yi wata uku a shagon koyon kwamfuta, ya buga kati, ya ce shi injiniya ne, alhali haƙƙin talakawa ke hannunsa.

Ku gafarce ni in harshe ya yi zafi. Kafin kaka ta kama, don Allah ku koma wurin duk wanda kuka yi wa aiki ku raba masa fayil ɗinsa. Ku koya masa kwafe teburan a filas kullum kafin ya rufe shago, kuma ku buɗe kwafin a gabansa ya gani da idonsa.

Wassalam,
Babanku a wannan sana'a.