Nanaye, hip-hop ko kiɗan ƙungiya: wanne ne sabon salo a kunnen Hausawan Chadi?

Duk wanda ya halarci biki a unguwannin Hausawa na Ndjamena ya san muhawarar da ke tashi da zarar mai na'ura ya kunna waƙa. Matasa na cewa hip-hop ne kiɗan zamani, mata na cewa waƙoƙin fina-finan Kano ne, dattawa kuwa na cewa tun rasuwar Mamman Shata a 1999 ba su sake jin waƙa ba. Tambayar ita ce: me ke sa kiɗa ya zama sabo?

Mu fara da waƙoƙin nanaye, waɗanda suka bunƙasa tare da fina-finan Kano, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya wajen shekarar 2000. Mace da namiji na amsa wa juna kamar a fina-finan Indiya, fiyano kuma ya maye gurbin kalangu da kukuma. A lokacin abin sabo ne ƙwarai. Amma yau salon ya haura shekara ashirin. Ali Jita, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun gina sunansu a kansa, kuma ko Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ta mamaye wayoyi a 2020, a kan wannan tubali aka ɗora ta. Waƙar da uwa ta taka a bikinta, 'yarta ma ta taka irinta a nata bikin, ai ta zama gargajiya.

Wasu na auna sabunta da kayan kiɗa, wato in da kwamfuta to zamani ne. Tarihi bai yarda ba. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kaset a Nijar da fiyanon lantarki kaɗai, yana juya karin gargajiya. Ga kuma ƙungiyar Tal National ta Yamai, wadda ke kaɗa jita da ganguna da hannu, tana waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da harshen Buzaye. Faifanta Kaani na 2013 ya kai ta har Amurka. Ba kwamfuta ce ta kai ta can ba. Ta haɗa kaɗe-kaɗen ƙabilun Nijar ne cikin sauri da tsarin da ba a saba ji ba.

A nan Chadi ma muna da misali. Ƙungiyar H'Sao ta samu lambar tagulla a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci na 2001 a Kanada. Daga cikinta ne Caleb Rimtobaye ya fito da Afrotronix, inda ya gauraya kiɗan sai na Sarawa da jitar Sahara da na'ura, har ya ci kyautar AFRIMA a 2018. Na'urarsa akwai irinta ko'ina. Abin da ya zuba a ciki ne ba a samu sai a Chadi.

Wannan ne ya kamata ya dame mu. Mu Hausawan Chadi masu saye ne kawai: waƙa ta fito daga Kano, ta iso ta TikTok ko katin waya, mu taka. Amfanin hakan ba ƙarami ba ne. A matsayina na malami, na ga ɗalibai da ke karatu da Faransanci, suna ciniki da Larabcin Chadi, amma Hausarsu daga waƙa suka tsince ta. Sai dai akwai asara. Makaɗan kalangu da a da ake gayyata biki yanzu mai na'ura ya karɓe musu kasuwa, yaron da ke son waƙa kuma yana ganin sai ya kwaikwayi bakin Kano kafin a saurare shi.

Alhali abin da ke hannunmu Kano ba ta da shi: Hausar da ta cakuɗa da Larabci da Barbarci, da kunnen da ya tashi da kiɗan Sudan da na Kamaru. Masu ɗakunan naɗar waƙa da gidajen rediyon Ndjamena su ba wa irin wannan murya fili, masu biki kuma su riƙa kiran makaɗa tare da mai na'ura. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. In har za a samu sabon salo na gaskiya a waƙar Hausa, ba mamaki daga bakin kogin Chari zai fito.