Laƙabi Mai Asali Jari Ne, Marar Asali Kuwa Tarko Ne

Duk wanda ya taɓa kwance dilar gwanjo a kasuwar Maradi, ko Birnin Ƙonni, ko Jibiya, ya san irin rigunan nan da hulunan hana-sallah masu manyan haruffa: Sooners, Aggies, Cornhuskers, Boilermakers. Mukan ware su, mu sa musu kuɗi, samari su saya su yi ta yawo da su a gari, amma da wuya a samu wanda ya tsaya ya tambayi abin da rubutun yake nufi. To, waɗannan kalmomi dai laƙubba ne na ƙungiyoyin ƙwallo na jami'o'in ƙasar Amurka, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana da labarin da ya haife shi. Mun ga ya kamata mu kawo wa ƴan'uwa ƴan kasuwa wasu daga cikin labaran, domin kuwa akwai wani ciwo da ya fara cin kasuwanninmu na kan iyaka, wanda kuma tushensa maganar suna ce.

Da farko dai, wannan ƙwallo ba irin wanda muka saba gani ba ne. Ana ce masa ƙwallon ƙafa, amma galibi da hannu ake ɗaukarsa, ƙwallon kansa ya yi kama da ƙwai, ƴan wasa 11 a kowane gefe suna sanye da hular kwano saboda tsananin karo. Tun ranar 6 ga watan Nuwamba na shekarar 1869 jami'o'in Rutgers da Princeton suka fara karawa, kuma a yau filin wasan jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum 107,601. A can mutum yakan gaji ƙungiya daga mahaifinsa kamar yadda ake gadon rumfa a nan, shi ya sa ba su wasa da sunayen.

Alal misali, mu ɗauki Boilermakers na jami'ar Purdue. A shekarar 1891 suka lallasa kwalejin Wabash da ci 44 ba ko ɗaya, sai wata jarida ta garin waɗanda aka cinye ta yi musu ba'a, ta ce ai waɗannan ba ɗalibai ba ne, ƙarti ne maƙeran tukunyar inji. Maimakon su ji haushi, sai suka rungumi sunan, tun da dai makarantarsu ta koyon aikin injiniya ce. Su kuwa mutanen Nebaraska, a da ana ce musu Bugeaters, wato maciya ƙwari, sai a shekarar 1900 suka koma Cornhuskers, masu ɓarar masara, domin jiharsu ƙasar noma ce. Aggies na jami'ar Texas A&M ma daga noman aka samo shi, saboda asalinta makarantar aikin gona ce. Sooners na Oklahoma kuwa labarinsu ba shi da daɗin ji. A ranar 22 ga Afrilu na 1889 gwamnati ta buɗe wa Turawa wata ƙasa da aka raba Indiyawan Amurka da ita, aka ce kowa ya jira ƙarfe 12 na rana kafin ya shiga ya kama fili. Waɗanda suka yi satar shiga kafin lokaci ya yi, su ne aka laƙaba wa Sooners, wato masu riga-malam-masallaci.

Magoya baya su ma ba a bar su a baya ba. Da yawansu sukan raɗa wa kansu suna daga abin da ya shafi rayuwarsu: garin da aka haifi mutum, ko lambar rigar ɗan wasan da yake so tun yana yaro, ko shekarar da ya gama makaranta. Tsofaffin ɗaliban Texas A&M, in za su rubuta sunansu, sukan ƙara shekarar ajinsu a gefe, ta yadda duk wanda ya gani zai iya nemo waɗanda suka zauna aji ɗaya da mai sunan ya tambaye su halinsa. Ƴan kallonsu baki ɗaya kuma suna kiran kansu Mutum na 12. Dalili shi ne, a watan Janairu na 1922, a wani wasa a birnin Dallas, ƴan wasansu sun yi ta jin rauni har ana fargabar kada su gaza cika 11, sai mai horarwa ya kira wani ɗalibi mai suna King Gill daga wurin kallo, ya sa kayan wasa ya tsaya a gefen fili yana jira. Ba a sa shi a wasan ba, amma saboda tsayuwar da ya yi, har gobe ɗaliban makarantar a tsaye suke kallon wasa daga farko har ƙarshe.

Haka abin yake ga ɗaiɗaikun mutane. Paul Bryant, wanda ya horar da ƙungiyar Alabama daga 1958 zuwa 1982, duniya ta fi saninsa da Bear, sunan wata ƙatuwar dabbar daji da ake kira beyar. Yana ɗan yaro ne a garin Fordyce ya yarda ya yi kokawa da ita a gaban jama'a a kan dala ɗaya kowane minti. Dabbar ta cije shi, mai ita kuma ya tsere bai biya shi ba, amma sunan ya bi shi har kabari. Na baya-bayan nan kuma akwai wani yaro da ya taɓa yi wa Alabama wasa, McKinstry, wanda kakarsa ta raɗa masa Kool-Aid tun yana jariri, saboda murmushinsa ya yi kama da na hoton da ke jikin wani abin sha mai wannan suna. Da aka ba ɗalibai ƴan wasa damar samun kuɗi da sunayensu a watan Yuli na 2021, sai kamfanin ya neme shi suka ƙulla cinikin talla. Kun ji inda laƙabin kaka ya zama jari.

To amma akwai ɗaya gefen, wanda shi ne ya fi shafarmu. A shekarar 2012 jami'ar Notre Dame tana da wani shahararren ɗan wasa mai suna Manti Te'o. A watan Satumba aka ba da labarin cewa kakarsa da budurwarsa, wata mai suna Lennay Kekua, sun rasu kusan lokaci guda. Manyan jaridu da gidajen talabijin suka ɗauki labarin, jama'a suka yi ta tausaya masa. Sai a watan Janairu na 2013 aka gano cewa rasuwar kakar gaskiya ce, amma ita budurwar ba a taɓa halittar ta ba. Wani ne ya ƙirƙiri sunan, ya ɗauki hotunan wata mata da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ya riƙa magana da yaron ta waya da intanet, shi kuwa bai taɓa sa ta a ido ba. Abin mamaki, duk yawan ƴan jaridar ƙasar, an yi watanni babu wanda ya je ya nemi gidansu ko kabarinta. Suna ne kawai aka ji, aka gaskata.

Jama'a, mu Hausawa ba baƙin wannan al'amari ba ne. Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Idan aka ce Ɗanjuma ko Balarabe, an san ranar da aka haifi mutum, idan aka ce Anaruwa an san yanayin da ya zo duniya, idan aka ce Cindo an san yawan yatsunsa. A kasuwa kuwa da wuya ka ji an kira babban ɗan kasuwa da sunan yankansa, sai dai Maigoro, ko Mai Atamfa, ko Na Alhaji wane, ko a haɗa shi da sunan ƙauyensu. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya samo nasa ne daga Tata, tsohuwar da ta rene shi, ga shi har yau da shi ake kiran zuriyarsa. A addini ma mun san Sahabi Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, daga ƴar kyanwar da yake ɗauka ne laƙabin ya samo asali, kuma da shi ya fi shahara.

Irin wannan laƙabi ba ado ba ne kawai. A cikinsa akwai adireshin mutum da waɗanda za su lamunce shi. Wanda aka ce masa Na Alhaji wane, an gaya maka ƙofar da za ka buga ranar da ya ƙi biya. Wanda aka haɗa da sunan ƙauye, an san in ya ci amana akwai mai gari da dangin da za su ji kunya. A kan haka ne ubangida yake ba yaronsa kayan miliyoyin sefa ya tsallaka iyaka babu takarda ko ɗaya. Wanda ya yi kasuwanci lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, ya san cewa da motoci suka tsaya, kaya suka maƙale, abin da ya riƙe mutane da yawa shi ne an san su, an san gidansu, aka ɗaga musu ƙafa har hanya ta buɗe. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma ba kowa ake yi wa jinkiri ba.

Abin da yake ba mu tsoro a yanzu shi ne sabon yayi da wayar hannu ta kawo. A da jama'a ne suke ba mutum laƙabi bayan sun ga halinsa ko sana'arsa. Yau kuwa yaro sai ya kwana ya tashi ya raɗa wa kansa Alhaji Mai Nasara, ko Sarkin Dubai, ko Ɗan Gata, ya ɗora hoton shagon wani a WhatsApp, ya fara karɓar kuɗin mutane a kan zai turo kaya daga Kano ko Lome. Babu wanda ya san ubansa, babu wanda ya san rumfarsa. Ranar da ya kwashi rabonsa sai ya cire layin ya jefar, gobe ya fito da wani sunan. Wanda aka cuta in ya je wurin shugabannin kasuwa ko jandarma, aka tambaye shi wa ya cuce ka, sai ya kama kame-kame, domin abin da yake hannunsa suna ne marar mai shi, tamkar budurwar nan ta ɗan wasan Amurka. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Wasu za su ce, to ai maganin abin shi ne a watsar da laƙabi baki ɗaya, a koma ga sunan da ke kan katin shaida da takardar banki. Mun yarda takarda tana da amfani, kuma muna kira da a riƙa rubuta bashi. Amma mu da muke zaune a bakin iyaka mun san takarda ba ta isa ita kaɗai. A kasuwa guda za ka iya samun Abubakar Ibrahim 20, kuma rubutun sunan mutum ɗaya yakan bambanta tsakanin takardar Faransanci da ta Ingilishi. Kati yana faɗin ranar haihuwar mutum, ba ya faɗin ko yana biyan bashi. Wannan sai a bakin maƙwabtan rumfarsa, su kuma da laƙabinsa suka san shi.

Wasu kuma za su ce ai laƙabi yana cutarwa, domin akwai wanda aka laƙaba wa na raini yana jin zafinsa har tsufa. Wannan ma gaskiya ne, kuma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana shi. A Amurkar ma an yi ta wannan rigima. Jami'ar Stanford ta bar sunan Indians a 1972, kuma a 2005 hukumar wasannin jami'o'i ta matsa wa makarantun da ke amfani da sunayen Indiyawa ta hanyar cin fuska. Jami'ar Florida State ta ci gaba da kiran kanta Seminoles ne saboda ƙabilar da ke da sunan a jihar ta amince. Saboda haka, wanda bai so laƙabinsa, a daina kiransa da shi, musamman na nakasa, ko na ƙabila, ko na gorin asali.

Shawararmu ga ƴan'uwa ba ta da yawa. Na ɗaya, kafin ka tura wa mutum ko jikka ɗaya a kan suna da ka ji ta waya, tambaye shi daga ina ya samo sunan, wa ya raɗa masa, a wane layi rumfarsa take, wane ne ubangidansa. Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, har ya ba ka labari ya ƙara da na kakansa, maƙaryaci kuwa zai fara cewa yana sauri. Na biyu, kira wani da ka sani a kasuwar da ya ambata, ya je ya gano maka shi da ido. Na uku, shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su buɗe littafi da za a rubuta sunan yankan kowane mamba, da laƙabinsa, da lambar wayarsa, da wanda ya tsaya masa, su kuma riƙa musayar bayani da takwarorinsu na tsallaken iyaka, tsakanin Ƙonni da Illela, tsakanin Maradi da Jibiya, tsakanin Gaya da Kamba. Na huɗu, iyayen gida su hana yaransu canza suna kamar riga, su nuna musu cewa sunan da aka yi shekara 10 ana biyan bashi da shi ya fi shago cike da kaya daraja.

Daga ƙarshe, idan mutanen da wasa kawai ya haɗa su suna iya riƙe labarin sunansu fiye da shekara 100, mu da abincinmu da mutuncinmu suke rataye a kan suna, mu ya fi kamata mu riƙe namu, mu kuma bincika na wanda ya zo mana da baƙon suna kafin mu buɗe masa jaka. Matambayi dai ba ya ɓata. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.